Jinin da Na Hana Likita

Da Allah zai mayar mini da rana ɗaya in sake ta, ba zan yi dogon tunani ba. Wata ranar kasuwar Bawku ce, da hantsi, lokacin da na saɓa 'yata Adiza a kafaɗa na fito da ita daga asibiti. Ita tana dariya don ta ji an ce gida za mu, uwarta tana bin mu a baya da ƙunshin kaya a ka, tana share hawaye da bakin mayafi. Ba wanda ya kore mu, kuma ba guzuri ne ya ƙare ba. Ni na yanke shawara, ina ganin ceton yarinyar nake yi. Na rubuta wannan ne don iyaye, musamman 'yan'uwana wanzamai, su ji yadda abin ya tafi tun daga farko.

Sunana Shu'aibu, amma a zangon Salaga ba mai kirana sai da Wanzam. Kakana ya zo garin cikin ayarin goro daga ƙasar Hausa, ya zauna, ya bar wa ubana zabira, ubana ya bar mini. Ina aski, ina ƙaho, ina kaciya, ina cire beli, ina cire haƙori. Kafin ubana ya yarda in riƙe aska, sai da ya dasa mini abu guda a kai: duk abin da ya fita daga jikin mutum a hannunka amana ne. Gashi, haƙori, jinin ƙaho, ba a barinsu a fili, ba a ba wani. Ka tona rami ka binne mai shi yana gani, don kada su faɗa hannun mugu a yi masa sammu da su. Da wannan aka san gidanmu. Gonjawa da Dagwamba sukan wuce wasu wanzamai su zo wurina, don ba a taɓa jin gashin wani ya yi ɓatan kai a hannunmu ba.

Adiza ce autarmu ni da matata Memuna, mun same ta bayan mun fid da ran sake haihuwa. Yarinya ce mai surutu. Takan laɓe a bayan zana tana kallon ƙattin da nake wa ƙaho, in sun tafi ta fito ta kwaikwayi yadda kowa ya yamutsa fuska, har uwarta ta jefe ta da mafici. Tana cikin shekararta ta bakwai ciwon ya zo, 'yan shekaru bayan ƙasar nan ta sami mulkin kai, a wata damina mai yawan sauro.

A makon farko ba abin da muka gani sai ta daina tauna da gefen hagu. Na buɗe bakinta na ga haƙori yana girgiɗi, na ce famfara ce, ai shekarunta ke nan. Amma ba haƙorin gaba ba ne, na ciki ne, irin wanda ba ya faɗuwa a wannan lokaci. Na san haka sarai. Na ɗauko awartaki na kama shi, ya fito ba gardama, kamar an zare tsinke daga cikin tuwo. Duk tsawon aikina ban taɓa cire haƙori mai sauƙin wannan ba, kuma maimakon in tsorata sai na yaba wa hannuna.

A mako na biyu kuncin ya tasa. Abin da ya yaudare mu shi ne ba zafi. In ka taɓa ba ɗumi, ba ta kuka, tana wasanta. Yayata Azumi ta ce hangum ne, a shafa mata shuni. Wata maƙwabciya ta ce baki ne ya kama ta don ta cika wayo. Memuna kaɗai ta ce, "Maigida, mu kai ta asibiti su duba."

Na ce, "'Yar wanzami a layin asibiti saboda haƙori? In aka gan mu, gobe wa zai zauna a tabarmata?"

Na yi mata ƙaho a kuncin, ban sami komai ba sai jini mai kyau. Na tsaga dasashin ina neman mugunya, babu. Da aka shiga mako na uku kumburin ya kai dunƙulen hannu, sauran haƙoran gefen suka watse kowanne ya kalli gabansa, bakin ya daina rufuwa. Nan na yi abin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Na sa ƙarfe a wuta na yi mata sakiya. Yaya Azumi ce ta danne mata ƙafafu, don Memuna ta ƙi, ta fita gidan gaba ɗaya. Da na gama, Adiza ta dube ni da ido ɗaya, don ɗayan kumburi ya fara tura shi sama, ta ce, "Baba, ka ce kaɗan ne."

Ba abin da ya fito daga ramin. Sai miki da na ƙara mata a kan ciwo.

Washegari Memuna ta ɗaure kayanta. Tunda na aure ta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Cewa ta yi, "Ni da yarinyar nan za mu Yendi wurin Yaya. In za ka, ga lori can yana lodin doya. In ba za ka ba, ga garin tuwo nan a tukunya." Na sayar da awakina biyu a gaggauce, dillali ya ga idona ya taya yadda ya ga dama, muka hau bayan lori ta hanyar Bimbila.

Yayan Memuna malami ne a Yendi, ana ce masa Afa Idirisu, don haka Dagwamba ke kiran malamai. Na yi zaton zai goyi bayana ya ce aikin iska ne ko na mutum, a zauna a yi rubutu. Ya ɗaga mayafin da aka rufe fuskar Adiza da shi, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wanzam, wa ya yi wa yarinyar nan wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Na sani, so nake in ji daga bakinka. Kai ko kabewa ka gani ta kumbura a gona sai ka ciro aska. To, ka gama naka. Zan yi mata rubutu ta sha don Allah ya sa a dace, amma gobe asibiti, kuma ni zan riƙe ta, ba kai ba."

Layin asibitin Yendi ya koya mini haƙurin dole. Ka je tun rana ba ta yi zafi ba ka tarar da mutane sun cika baranda har gindin itatuwa, mai karaya, mai tari, mai naƙuda, kowa da kati a hannu. Ni da na saba mutane su jira ni, sai ga ni ana mini tsawa in matsa. Aka wanke mikin, aka shafa wani magani mai launin shuni, aka ba mu ƙwayoyi. Mikin ya fara kamewa, na gode musu a kan wannan, amma kumburin bai ko dube su ba. Muka yi ta zarya har wajen mako biyu, Adiza ba ta iya cin komai sai koko mai ruwa da uwarta ke ɗura mata ta gefen baki da ƙaramin ludayi. Daga baya wani dattijo mai ba da magani ya ja Afa gefe ya ce kada mu ɓata lokaci. Akwai wani likita da ya zo daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, ya zauna a Bawku, yara masu irin wannan kumburi yake nema musamman, kuma ba ya karɓar komai.

Wannan maganar ta ƙarshe ba ta kwanta mini ba. Mutum ya baro Ankara ya zo har ƙarshen ƙasa yana neman yara marasa lafiya, kyauta? Na faɗa wa Afa, ya ce, "Kai in an ce kawo kuɗi ka yi ƙorafi, in an ce kyauta ka yi zargi. Tashi ku tafi."

Hanyar Bawku ta Gushegu da hawan dutsen Nakpanduri ta ba mu wuya. Lori ya kafe a taɓo kafin Garu, maza muka sauka muka tura. Duk inda aka tsaya mutane sai su leƙo su ga fuskar yarinyar su ja da baya, wata mata ma ta ɗauke ɗanta ta koma can gaba. Muka sauka a gidan wani mai fataucin albasa, abokin Afa, Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa nuna mana gajiya ba.

Likitan ana ce masa Likita Kwabena, mutumin Kumasi ne, siriri mai tabarau, bai fi ƙanena ba a shekaru. A gefen zango ya tashi, don haka yana jin Hausa, irin ta kasuwa. Ya kai mu wani ɗaki da aka ware masa, sai ga yara a kan gadaje, kowanne da fuska irin ta Adiza, wani ma ya fi ta. Memuna ta dafa bango. Daga baya ta gaya mini tsoro ne da sanyin rai suka zo mata tare, don a ranar ta san ba mu kaɗai ba ne.

Ya durƙusa a gaban Adiza ya tambayi uwar, "Yarinya ya ci abinci yau?"

Adiza, da bakin nan nata da ba ya rufuwa, ta ce, "Likita, ni mace ce."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya. Za ki koya mini Hausa, ni in gyara miki fuska."

Da ya ga tabon sakiya ya tambayi wanda ya yi. Na ce ni ne, wanzami ne ni. Na shirya jin faɗa, sai ya ce, "To, Baba Wanzam, ni da kai sana'armu ɗaya, duk masu yanka ne. Amma wannan ciwo ba ya jin wuƙa, ko tawa ko taka." Ya ce ciwon daji ne, irin na yara, mai saurin girma, kuma akwai sabon magani da ake sawa ta jijiya. Sannan ya roƙi in bari ya yanki ɗan nama daga kumburin, kamar ƙwayar dawa, ya ɗibi jini kaɗan.

Na ce, "In ka gama da su ina za su?"

Ya ce, "Ankara, daga nan wataƙila Turai."

Na ce ban yarda ba. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya ce, "Yau ba ranar gardama ba ce. Fuskarta ta gaya mini abin da nake son sani." Ya yi mata allurar.

Kwanakin farko ta sha wuya. Amai, kasala, ko ruwa ba ya zama. Memuna ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadon, ita ce tarbar amai, ita ce wanki, ita ce girki a bayan asibiti tare da matan Kusasi da na Mosi da ba ta jin yarensu, amma suna ba juna gishiri da itace. Kafin mako ya zagayo sai abin mamaki. Kumburin ya fara narkewa kamar man kaɗe a rana. Idon ya sauko mazauninsa. Leɓe ya haɗu da leɓe. Wata safiya Adiza ta farka ta ce ita wasawasa take so, dambun garin doyar nan, da mai da yaji, uwarta ta fita da gudu tana dariya tana kuka ta zaga Bawku neman garin doya. Gashinta ya riƙa zuba saboda ƙarfin maganin, ni kuwa kullum sai in tsince shi daga matashi in kai bayan katanga in binne.

Likita ya gargaɗe mu tun a lokacin. Ya ce, "Abin da kuka ga ya tafi ganye ne. Saiwar tana ƙasa. Sai an ƙara allura, an kuma ƙarawa."

Don kada mu zauna ba abin hannu, na riƙa shimfiɗa tabarma a bakin kasuwa ina aski. Wata rana da yamma likita ya ce shi ma in yi masa. Ya zauna a gindin dogon yaro a harabar asibiti, na jiƙa masa kai, hira ta ɓarke. Na tambaye shi abin da ya kawo shi wannan nisa.

Ya ce da ya gama karatun likita a Turai, maimakon ya dawo ya buɗe wurin kansa ya tara dukiya, sai ya tsaya a wani gidan bincike yana aiki da kaji. Ya ce, "Uwata har yau ba ta yafe mini ba. Cewa take na sayar da kifi na tura ka ka zama likita, ka je kana kiwon kaji." A can ya ga wani abu da ya hana shi sakat. Akwai kaji masu ciwon daji. In ka yanko kumburin ka niƙa, ka tace ruwan da matacin da ko ƙwayar cuta ba ta iya ratsa shi, ruwan ya fito garau kamar na rijiya, ka yi wa lafiyayyar kaza allura da shi, ba da daɗewa ba ita ma sai kumburi ya fito mata. Ashe akwai wani abu mai rai a cikin ruwan, ƙanƙane ƙwarai, da madubin asibiti ba ya iya nuna shi. Sunansa bairos. Kalmar ta zauna mini a kai har yau.

Ya ce, "In yana yi wa kaza, me zai hana ya yi wa mutum? Dubi yaran nan. Me ya sa ciwon ya fi yawa inda ruwa da sauro suka yi yawa? Wani abu ne ke shiga jikinsu. In muka gan shi, wata rana za a iya tare shi tun bai shiga ba. Shekaru nake nema, Baba, wataƙila in mutu ban gani ba. Shi ya sa nake roƙon nama da jini, a sa a ƙanƙara a kai inda manyan na'urori suke."

Shi yana ba ni labarin aikinsa ne da zuciya ɗaya. Ni kuwa wani abu dabam nake ji. Aska tana kan maƙogwaronsa na ce, "Kazar nan, lafiyarta ƙalau kafin allurar?"

"Ƙalau."

"Kai da hannunka ka ɗauko ciwon daga jikin wata ka sa mata?"

"Ni da hannuna. Ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Na ja askar baya. Abin da ubana ya yi ta gargaɗina a kai ke nan, ga shi mutum ya faɗa da bakinsa yana murmushi: a ɗauki naman wani, a sarrafa shi, a jefa ciwo a jikin mai lafiya. A wurinmu wannan suna ɗaya gare shi: sammu. Da na gama na tattara gashinsa na miƙa masa kamar yadda nake wa kowa. Ya ce, "Zubar kawai, iska ta kwashe." Na ce a raina, wanda bai ji tsoron a yi masa ba, shi ne mai yi.

Da lokacin allura ta biyu ya yi, ya ce wannan karon dole ya ɗibi jini. Maganin yana cin ciwon, yana kuma cin jini, in bai duba ya ga abin da ya rage ba, yana iya kashe ta da hannunsa. Na ce in ya duba ya mayar mini da abina.

Ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, na so in aika ragowar Ankara. Amma tunda ba ka so, ka tsaya a kaina ina dubawa, in na gama in ba ka har kwalbar ka binne. Gobe zan shiga ƙauyukan Garu, jibi in na dawo sai mu yi."

Mutumin nan ya ba ni duk abin da na nema. Amma a cikin maganarsa ba abin da kunnena ya riƙe sai "na so in aika".

Na gaya wa Memuna ta haɗa kaya. Ta ce, "Maigida, mutumin da ya mayar mata da fuskarta shi ne zai cuce ta?"

Na ce, "Ni ma sai da na ba awakina dusa kafin in kai su kasuwa. Ba ki ji abin da na ji ba. Yarinya ta warke, me muke jira?"

"Ya ce saiwar tana nan."

"Dole ya ce haka, tunda bai sami abin da yake so ba."

Ta roƙe ni da Allah, ta roƙe ni da iyayena. Na ce in ta ƙi bina, ta zauna ita kaɗai, 'yata dai zan tafi da ita. Washegari muka fito. Wata ma'aikaciyar jinya ta biyo mu har bakin ƙofa tana kira, "Baba, ka jira likita! Baba!" Ban waiga ba. A Yendi ma ban bari mun sauka ba, don na san abin da Afa zai ce.

Salaga ta tarbe mu kamar masu dawowa daga Makka. Yaya Azumi ta rangaɗa guɗa. Mutane suka riƙa cewa ai sakiyar Wanzam ce ta fasa ciwon, asibiti ƙarasawa kawai suka yi. Ban faɗa ba, amma ban ƙaryata ba. Adiza ta yi ƙiba, gashi ya fara tsirowa, ta koma bayan zana tana kwaikwayon mutane, har da likita da Hausarsa. Kusan wata biyu muka yi a haka, kullum ina duban Memuna da idon "ba na gaya miki ba".

Sai ta fara cewa bayanta na ciwo. Fuska lafiya lau, amma ciki ya fara tasowa, da tauri a gefe. Ta fara jan ƙafa. Wata safiya ta tashi za ta fita fitsari, ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, ta zube a bakin ƙofa.

Ko a nan ban saduda ba. Na ce, "Kin gani? Aikin mutumin nan ne. Ya ji haushi mun gudu, ya biyo ta."

Memuna tana durƙushe tana goge wa yarinyar jiki. Ba ta ɗago ba ta ce, "Da me ya yi? Bai taɓa jininta ba. Bai yanki namanta ba. Ko gashinta ɗaya ba ka bari a Bawku ba. Kai ka hana, Wanzam. To da me ya yi?"

Bisa ilmin da na gada, wanda na dogara da shi na ɗauke ta, mutumin nan ba shi da hanyar taɓa ta. Na zauna a ƙasa a tsakar gida.

Tasoshin auren Memuna muka sayar a wannan karon. Afa ya tare mu a Yendi ya shiga lorin ya raka mu har Bawku. Muka tarar likita yana shirin komawa Ankara. Da ya ga Adiza a hannuna, ƙafafu suna lilo, ya ajiye abin da ke hannunsa. Ni da kaina na naɗe mata hannun riga na miƙa masa. Na ce, "Ɗiba, Likita. Ɗibi duk abin da kake so."

Ya ɗaga tafiyarsa saboda ita. Ya duba jinin, ya yi allurar. Cikin ya ɗan sassauta, amma ba irin na farko ba. Ya ce ciwon ya shiga ƙashin baya yana hawa kai, inda maganin ba ya isa sosai. Makonnin da suka biyo baya na jinya ne kawai. Muna juya ta don kada bayanta ya yi miki, muna canja mata shimfiɗa, Afa yana karatu a gefen gado, ni ina mammatsa ƙafafun da ba ta jin hannuna a kansu. Da yake ta ji labarin kajinsa, in likita ya shigo takan yi ƙarfin hali ta ce, "Likita, ina kajinka?" shi kuma ya ce, "Suna gaishe ki, Hajiya." Daga baya ta daina gane mu sosai. Wata ranar Talata bayan la'asar ta cika a cinyar uwarta. A Bawku muka binne ta. Likita ba Musulmi ba ne, amma ya zo maƙabarta ya tsaya a baya, hula a hannu, har aka watse.

Kafin mu tafi na same shi na ce, "Ka gaya mini gaskiya. Da na zauna, da ta rayu?"

Ya ce, "Ban sani ba, Baba. Akwai waɗanda suka zauna suka warke, suna gidajensu yanzu. Akwai waɗanda suka zauna suka mutu. Ba zan ce maka i ba, ba zan ce maka a'a ba." Sannan ya ɗauko 'yar kwalba daga cikin ƙanƙara ya ce ga ragowar jininta, bai aika ba, sai abin da muka ce.

Na dubi Memuna. Ta ce, "Ka aika, Likita. Ko 'yar wata ta tsira."

Sau ɗaya na sake ganinsa, bayan wasu shekaru, ya biyo ta Salaga yana zagayen duba yara, furfura ta fara fito masa. Ya neme ni har gida. Ya ce wasu masu bincike a Turai sun ga bairos ɗin da wata babbar na'ura, a cikin naman yara masu irin ciwon Adiza. Na ce ashe an riga shi. Ya ce an riga shi, kuma ya yi murna, don ba sunansa yake nema ba. Amma aiki bai ƙare ba, don an tarar mutane masu yawa suna ɗauke da abin a jikinsu lafiya lau. Me ya sa yake tashi a jikin wannan yaro ya bar wancan? Yana zargin zazzaɓin sauro ne ke buɗe masa ƙofa, kuma abin da yake bi ke nan yanzu. Ya sha ruwa, ya gai da Memuna, ya shiga motarsa. Ban san inda yake ba yau. In yana raye Allah ya ƙara masa basira, ya yafe mini zargin da na yi masa.

Memuna ta ce ta yafe mini, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa. Amma har ta koma ga Allah ba ta sake barin jikanmu ko ɗaya ya zauna a tabarmata ba, ko don askin suna. Wani wanzami take kira daga wata unguwa, ni ina zaune a ƙofar gida ina karɓar barka.

To, jama'a, ga roƙona. In kuka ga haƙoran yaro na ciki suna girgiɗi, kunci yana tasowa ba zafi, kada ku kawo mana, kada ku jira ya nuna, ku nufi asibiti a ranar. 'Yan'uwana masu zabira, akwai kumburin da ba namu ba ne, kuma faɗin haka ba ya rage mutum. In an fara magani kuka ga sauƙi, kada ku tashi sai wanda ya fara ya ce ku tashi. In likita ya nemi jini, ku tambaye shi duk abin da kuke so, amma ku tsaya ku ji amsar har ƙarshe. Masu zuwa su ce mini kwananta ne ya ƙare, na gode, na kuma san haka ne. Sai dai ni na san abin da hannuna ya yi kafin kwanan ya ƙare. Ku yi wa Adiza addu'a, kuma don Allah kada wani uba ya sake yin abin da na yi.